Ƙarin Magani ga Yaro Mai Asma: Wanne Ya Fi, Kuma ga Wane Yaro?

Laccar da aka gabatar ga ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da iyayen yara na Sabon Birni da Isa

  

Mas'alar da zan yi magana a kanta yau, ko da yake a zahiri ta likitoci ce, alal haƙiƙa ta shafi duk gidan da ake kwana ana sauraron ƙirjin yaro yana kuka. Ga surarta. Yaro ne aka tabbatar yana da asma, aka ɗora shi a kan inhelar rigakafi mai ɗauke da siteroyid, ana ba shi safe da dare, amma duk da haka tarin dare bai bar shi ba, in ya yi gudu da 'yan'uwansa sai ya tsaya yana haki, in hunturu ya kama sai an kwasa an yi asibiti da shi. To, me za a ƙara masa? A ƙara yawan abin da yake shaƙa ne, ko a haɗa masa da wani maganin shaƙa mai buɗe ƙirji, ko kuwa a ba shi ƙwaya ya riƙa taunawa da dare? Zan bi mas'alar bisa tsarin da malamanmu na fiƙihu suka saba: a fara da sanin haƙiƙanin abu, a bi da sharuɗɗansa, a kawo hujjar kowane ɓangare, sannan a yi tarjihi.

Fasali na farko: haƙiƙanin cutar da aikin inhela biyu

Asma cuta ce ta hanyoyin iska da ke cikin huhu, kuma abubuwa uku ne suke taruwa a cikinta: kumburin fatar da ta lulluɓe hanyoyin daga ciki, majina mai kauri da take taruwa, da ɗaurewar siraran tsokokin da suka zagaye hanyoyin. Ɗaurewar tsoka ita ce abin da uwa take gani da ido, domin ita take kawo sarƙewar numfashi nan take. Kumburin kuwa ɓoyayye ne, yana nan ko da yaro yana wasa lafiya lau, kuma shi ne asalin illar. Saboda haka aka yi inhela iri biyu. Shuɗiyar, mai ɗauke da salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, tana sakin tsoka cikin mintoci kaɗan, aikinta ya ɗauki kamar sa'a huɗu ya gushe, ba tare da ta taɓa kumburin ba. Ta rigakafin, wadda galibi ruwan ƙasa ce, mai ɗauke da beklometason ko budesonaid ko fulutikason, ita take kwantar da kumburin, sai dai a hankali take aiki, sai an lizimce ta makonni kafin fa'idarta ta cika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma a duniya, ta kuma yi sanadin rasuwar mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ganewa take wuya kuma magani yake yankewa. Mu a ƙasar Gobir muna da namu ƙarin dalilai. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta ratso Maraɗi ta sauke mana. Lokacin ne kuma na sussuka da shiƙa, lokacin jin ɗumi a rufaffen ɗaki, lokacin da almajirai suke zagaye wutar karatun dare suna shaƙar hayaƙinta.

Fasali na biyu: sharuɗɗan da suke gabatar ƙari

Manomin rani a fadamar Rima, idan ya ga albasarsa tana yaushi alhali injinsa yana ta aiki, ba ya garzayawa kasuwa ya sayo inji na biyu sai ya bi magudanar ruwa ya duba ko ta fashe a wani wuri. Haka ya wajaba mu yi da yaron da maganinsa ya ƙi ci. Sharuɗɗa huɗu ne, kuma ƙarin da aka yi ba tare da cika su ba ɓarnar dukiya ce.

Na farko, a sake tabbatar da cewa asma ce. Yaron da yake ramewa, yana zufa da dare, yana tari fiye da mako biyu, musamman in akwai babba mai tari a gidan, a auna shi saboda tibi. Yaron da kukan ƙirjinsa ya fara farat ɗaya bayan ya ƙware da gyaɗa, wataƙila ƙwayar ce ta maƙale. Akwai kuma ciwon zuciya da yake kama da asma.

Na biyu, a tabbatar ana shan maganin kullum. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa ba tare da an kunyata kowa ba. Inhela mai feshi 200, idan ana fesa biyu da safe biyu da dare, kwana 50 take yi ta ƙare. Saboda haka uwar da ta ce wata huɗu ke nan da sayenta kuma har yanzu da saura, ta riga ta ba ka amsa. Kada a yi mata faɗa, a tambaye ta dalili, domin sau da yawa tattalinsa take yi saboda tsada, ko kuwa ta ɗauka tun da yaro ya samu sauƙi an gama. A shawarce ta ta ɗaure maganin da sallar asuba da ta isha'i, waɗanda ba a mantawa da su.

Na uku, a tabbatar maganin yana isa huhu. Mafi yawan yara ba su iya haɗa danna inhela da jan numfashi a lokaci guda, sai maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Maganin wannan shi ne gorar shaƙa, kuma ba dole sai ta kanti ba. A shekarar 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka wallafa bincike a mujallar Lancet da ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita tana aiki daidai da wadda kamfani ya ƙera. Ga ta nan a hannuna. Ana huda gindinta daidai girman bakin inhela yadda zai shiga ya matse, a wanke cikinta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba a goge ba. A girgiza inhela, a cusa bakinta a hudar, yaro ya kama bakin gora da leɓɓansa, a danna sau ɗaya tak, ya ja numfashi ya saki sau biyar ko shida a cikin gorar, sannan a sake girgizawa a yi na biyu. In an gama ya kurkure baki ya zubar, saboda gudun dushewar murya da fari-farin da yake fitowa a harshe. Ma'aikacin lafiya kada ya wadatu da tambaya. Ya ce wa uwa ta yi a gabansa ya gani.

Na huɗu, a rage abin da yake tayar da ciwon gwargwadon iko: a raba yaro da madafa in ana girki da itace ko kara, a fifita gidan sauro a kan maganin sauro na ƙonawa, a sassauta turaren wuta a ɗakin da yake kwana, mai shan taba kuma ya ji tsoron Allah ya fita waje.

In an cika waɗannan, sai a auna da tambayoyi huɗu game da makonni huɗun da suka wuce. Shin ciwon yana tashi da rana fiye da sau biyu a mako? Ya taɓa tayar da yaro daga barci? Ana buƙatar shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako? Ya hana shi wasa ko makaranta? In amsoshin sun nuna ciwon bai lafa ba, a nan ne maganar ƙari ta halatta.

Fasali na uku: hanyoyi uku da hujjojinsu

Hanya ta farko ita ce a ƙara yawan siteroyid ɗin da yaro yake shaƙa. Falalarta ita ce sauƙi, domin inhelar da ke gida ce, uwa ta riga ta san ta. Illarta ita ce tana iya rage saurin girma kaɗan. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka da Kanada mai suna CAMP, wanda ya bi yara har suka balaga, ya samu cewa waɗanda suka shaƙi budesonaid maikirogiram 400 a rana shekaru da dama sun gaza takwarorinsu da kimanin santimita 1.2 a tsawo. Wannan abu ne da ya kamata a gaya wa iyaye, a kuma gaya musu cewa asmar da ba a kula da ita ba ita ma tana tauye girma, bayan haka tana kisa.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa siteroyid ɗin da maganin buɗe ƙirji mai dogon aiki, wato salmeterol ko fomoterol, waɗanda aikinsu yake kai sa'a 12, a cikin inhela guda, kamar Seretide ko Symbicort. A kan wannan akwai sharaɗin da babu saɓani a kansa: ba a ba mai asma salmeterol ko fomoterol shi kaɗai ba tare da siteroyid ba, domin yana rufe alamun ciwo alhali kumburi yana ƙaruwa, kuma an samu ƙarin mace-mace a wani babban bincike na salmeterol da aka wallafa a 2006. Tsoron da wannan ya haifar ya sa aka gudanar da wani bincike a kan yara 6,208 'yan shekara 4 zuwa 11, aka wallafa a 2016, aka samu cewa haɗin fulutikason da salmeterol a inhela guda bai fi fulutikason kaɗai haɗari ba, kuma babu yaron da ya rasu da asma a cikinsu.

Hanya ta uku ita ce ƙwayar montelukas, wadda take toshe aikin wasu sinadaran jiki masu haddasa kumburi da ɗaurewar ƙirji. Sau ɗaya ake shanta da dare, miligiram 4 ga 'yan shekara 2 zuwa 5, miligiram 5 ga 'yan 6 zuwa 14, ba ta buƙatar gora ko gwaninta, tana kuma taimaka wa yaron da yake fama da atishawa da ƙaiƙayin hanci. Sai dai a watan Maris na 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta mata gargaɗi mafi tsanani, saboda a wasu yara tana kawo munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, baƙin ciki, har da tunanin kashe kai. Na tsaya a kan wannan da gangan, domin a wajenmu yaron da ya fara firgita da dare, tunanin mutane yakan tafi wani wuri dabam, ba wanda zai tuna da ƙwayar da aka fara masa makon jiya. Amana ce a wuyan wanda ya rubuta ta ya faɗa wa iyaye tun farko: in halin yaro ya canza, a tsayar a dawo.

To, wacce ta fi? Mafi kyawun hujja ita ce binciken BADGER, wanda Dokta Robert Lemanske da abokansa suka wallafa a 2010 a mujallar likitoci ta New England. Hikimarsa ita ce ba a raba yara kashi uku aka ba kowane kashi magani guda ba. Yara 182 aka ɗauka, 'yan shekara 6 zuwa 17, waɗanda asmarsu ba ta lafa ba a kan fulutikason maikirogiram 100 sau biyu a rana, aka ba kowane ɗayansu dukan hanyoyin uku ɗaya bayan ɗaya, kowace mako 16, ba tare da yaro ko likita ya san wacce ake kai ba. Daga cikin yara 165 da aka iya yanke hukunci a kansu, 161 sun nuna cewa wata hanya ta fi karɓarsu. Da aka gwada salmeterol da montelukas, salmeterol ya fi ga kashi 52 cikin 100, montelukas ya fi ga kashi 34. Da aka gwada shi da ƙarin siteroyid, ya fi ga kashi 54, ƙarin siteroyid ya fi ga kashi 32. Ku lura da fuska biyu na wannan sakamako, domin mai gaggawa ɗaya yake gani. Haɗin salmeterol ya yi rinjaye, wannan gaskiya ne. Amma kusan yaro ɗaya cikin uku ya fi samun sauƙi da hanyar da aka rinjaya, wannan ma gaskiya ne.

Bayan shekara tara, a 2019, aka wallafa binciken BARD, wanda aka keɓe ga baƙaƙen fata na Amurka. A cikin yara 280 'yan shekara 5 zuwa 11, da aka gwada ninka fulutikason sau biyar da kuma ninka shi sau biyu tare da salmeterol, sai mizani ya daidaita, kashi 46 suka fi da wannan, kashi 46 suka fi da wancan, alhali a wajen matasa da manya salmeterol ne ya rinjaya. Masu binciken kuma sun samu cewa yawan jinin Afirka a jikin yaro bai nuna wace hanya za ta karɓe shi ba. Darasin shi ne yaro ba ƙaramin babba ba ne, ba a yi masa ƙiyasi da hukuncin manya. Haka kuma nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya tattara bincike 33 a kan yara 6,381, ya samu cewa ƙara maganin buɗe ƙirji mai dogon aiki yana inganta ƙarfin huhu, amma bai tabbatar da cewa yana rage tashin ciwo mai tsanani a yara ba.

Akwai wata sabuwar hanya da kwamitin duniya na GINA, wanda aka kafa a 1993, ya yarda da ita ga 'yan shekara 6 zuwa 11, wato a yi amfani da ƙaramin awo na haɗin budesonaid da fomoterol a matsayin rigakafin kullum da kuma maganin gaggawa. Dalili shi ne fomoterol yana fara aiki cikin mintoci, don haka duk lokacin da yaro ya nemi sauƙi yana samun siteroyid tare. Wannan hukunci bai shafi salmeterol ba, domin shi yana da jinkiri. Kada a ba yaro Seretide a lokacin da ƙirji ya sarƙe da zaton zai buɗe shi. Yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa kuwa, abin da aka fi dogara da shi a wajensu shi ne ninka ƙaramin awon siteroyid, ko a gwada montelukas, a kuma kai su ga likitan yara.

Fasali na huɗu: abin da ya kamata a nisanta

Tiyofilin da ɗan'uwansa aminofilin, da ƙwayoyin da aka haɗa da su irin su Franol, sun daɗe a kemis-kemis ɗinmu saboda araha. Aibinsu shi ne tazarar da ke tsakanin awon da yake warkarwa da wanda yake cutarwa ƙanƙanuwa ce, sai da gwajin jini ake kiyaye ta, kuma zazzaɓi da wasu magungunan ƙwayoyin cuta kamar eritiromaisin da sifurofulokzasin suna sa maganin ya taru a jiki, ya kawo amai, bugun zuciya da jijjiga. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake ziyartar yaro kowace damina, wannan kasada ce da ba ta da dalili. Haka nan firednisolon da dekzametason na haɗiya: kwana uku zuwa biyar a lokacin tashin ciwo bisa umarnin likita rahama ne, amma sayensu a kemis ana ba yaro wata da watanni yana kumbura fuska, ya tsayar da girma, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Salbutamol na ruwa ko na ƙwaya shi ma ya gaza na shaƙa a sauri, ya fi shi kawo rawar jiki.

Fasali na biyar: tarjihi ga ƙasarmu

Waɗannan binciken an yi su ne a inda magani ba ya yankewa, mu kuwa mun san halin da muke ciki. Tun daga 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi kuma kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar a watan Agusta cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, farashin inhela ya yi tashin da ya fi ƙarfin talaka. Ga rashin tsaro da ya raba mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa da gidajensu, wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi, ya kuma mai da hanyar Sakkwato abin da ake bi da addu'a. Saboda haka mizaninmu yana da awo na huɗu bayan fa'ida da illa da shekarun yaro, shi ne ɗorewa. Maganin da ya fi a takarda amma zai yanke bayan wata ɗaya, wanda ya ɗan gaza shi amma ana samunsa kullum ya fi shi alheri.

Ga abin da na rinjayar. Ga yaro ɗan shekara 6 zuwa sama wanda aka cika masa sharuɗɗa huɗu, in iyaye za su iya ɗaukar nauyin inhelar haɗi ba yankewa, a fara da ita. In ba za su iya ba, a ɗaga siteroyid ɗin da yake shaƙa zuwa matsakaicin awo, kuma wannan ba ƙasƙantaccen zaɓi ba ne, binciken BARD shaida ne. Montelukas ta zo ta uku, a kan siteroyid ba a madadinsa ba, musamman ga mai ƙaiƙayin hanci, bayan an yi wa iyaye gargaɗi. Kowace aka zaɓa, a ɗauke ta a matsayin gwaji mai wa'adi na wata biyu zuwa uku. A ba uwa ko yayan yaro ɗan littafi, a ja layi a duk daren da tari ya tayar da shi da duk ranar da aka fesa shuɗiya, a auna tsawonsa a jikin bango. In wa'adi ya cika babu sauƙi, a sauya zuwa wata hanyar maimakon a tara magani a kan magani. In an samu wata uku lafiya, a sassauta a hankali, amma ba a bakin hunturu ba. Wanda ya gagari dukan wannan, a tura shi ga likitocin yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda za a iya auna ƙarfin huhunsa a duba ko yana buƙatar wani magani kamar tiyotirofiyam.

Kammalawa

Ina roƙon iyaye abu biyu. Kada ku tsayar da inhelar rigakafi don yaro ya samu sauƙi, domin sauƙin daga gare ta yake, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Sannan ku san alamun haɗari: yaron da ya kasa magana ko shan ruwa saboda haki, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi cikin sarƙewa, a fesa masa shuɗiya ta gora a kama hanyar asibiti mafi kusa, ba a jiran gari ya waye. Malaman makarantun boko da na allo, ku ƙyale yaro ya riƙe inhelarsa, ku hana a yi masa gori, domin asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, kada ɗayanmu ya rubuta magani na biyu sai ya ga da idonsa yadda ake shan na farko. Shugabanninmu na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da na jiha, salbutamol da budesonaid na shaƙa suna cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya; muna roƙo a sa su cikin magungunan da ba sa yankewa a manyan asibitocin garuruwan nan biyu da ƙananan asibitocin karkara, tun kafin hunturu mai zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir.